Agogon lamba: masu tada tsoho da masu sauya masa kama

A Maraɗi ko a Damagaram, in agogo mai hannu ya tsaya akan kai shi ga mai gyara, a yi ciniki, a dawo bayan kwana biyu. In kuwa agogon lamba ne fuskarsa ta shafe, hukuncin da ake yanke masa guda ne: ya mutu. Sai a jefa shi cikin kwalla tare da tsofaffin mabuɗai da maɓallan riga, ko a miƙa ma yaro ya yi wasa da shi har ya ɓace. Mutane sun ɗauka abin da ba shi da haƙoran ƙarfe masu juyawa a cikinsa ba shi da abin gyara. Wannan zato ya binne agoguna da yawa da sauran ransu.

A Turai da Amurka da Japan akwai waɗanda suka mai da irin waɗannan agoguna abin sha'awarsu. Ba da wannan aiki suke ciyar da gida ba. Bayan an taso daga wurin aiki sai mutum ya shimfiɗa farin ƙyalle bisa tebur, ya jera ɗan turnabis da matsefata da madubin ƙara girma da kwalbar alkol, ya buɗe agogon da aka ƙera wataƙila tun ba a haife shi ba. Suna sayen matattun agoguna tuli-tuli ta intanet da wurin ƴan gwanjo, suna musayar hotuna da dabaru tsakaninsu. Kuma sun kasu gida biyu. Akwai masu son tada tsoho ya koma daidai yadda ya fito daga kamfani, ba ƙari ba ragi. Akwai masu son sauya ma agogo kama, su sa shi yin abin da maƙerinsa bai nufa ba. Kayan aikinsu iri ɗaya ne, niyyar ce ta bambanta, kuma agogunan da ba a sake samun irinsu suna halaka ne a hannun wanda ya kasa rarrabe wane agogo ya dace da wane aiki.

Wanda ya kwance murfin bayan agogon lamba karo na farko yakan yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki. Akwai pil, wanda mutanen Najeriya ke ce ma batir. Akwai ɗan faifai mai zanen hanyoyin lantarki, a tsakiyarsa wani baƙin ɗigo mai tauri, wanda ƙwaƙwalwar agogon ke lulluɓe ƙarƙashinsa. Akwai ɗan bututun ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, an rufe wani siririn yankin dutsen kwarz mai baki biyu a cikinsa. Sai gilashin da lambobi ke fitowa a kai. Shi ke nan. Dutsen nan, in lantarki ya taɓa shi, yakan yi makyarkyata sau 32,768 cikin daƙiƙa guda. Ba haka kawai aka zaɓi wannan adadi ba: in aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya ke saura. Aikin ƙwaƙwalwa ke nan, ta yi ta rabawa, duk sa'ad da ta kai ga ɗaya ta ƙara daƙiƙa, daƙiƙa 60 ta ƙara minti.

Tun da ba abin da ke juyawa, ba abin da ke cinyewa. Mafi yawan cututtukan agogon lamba a mahaɗa suke, inda wani abu ya kamata ya taɓa wani amma bai taɓa ba. Wadda ta fi ban takaici ita ce ta bayan sauya pil: an sa sabo, fuska ba ta nuna kome ba, ko ta nuna guntayen lambobi marasa kan gado. Mai gaggawa sai ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone. Alhali a jikin agogunan Casio da yawa akwai ɗan rami da aka rubuta AC kusa da shi. In aka sa ƙafa guda ta matsefatar ƙarfe cikin ramin, aka ɗora ɗayar bisa bayan pil, wajen da ke da alamar +, aka riƙe kamar daƙiƙa biyu, sai ƙwaƙwalwa ta farka ta fara lissafi daga farko. Allah kaɗai ya san yawan agogunan da aka zubar don rashin sanin wannan rami.

Sai cutar lambobi masu giɓi, inda 8 ke komawa 6, 7 ta koma 1. Tsakanin faifai da gilashi babu waya babu dalma. Wani ɗan tsinken roba ne mai laushi ke haɗa su, an yi shi da sirara-siraran zubi bi da bi, wannan yana ɗaukar lantarki wancan ba ya ɗauka, abin da ya sa masu aikin ke kiransa da sunan jakin dawa. Matsi kaɗai ke riƙe shi a mazauninsa. Shekaru suna tafiya, laima da datti suna shiga tsakani, sai wani layi ya daina isa ga gilashi. Maganinsa a fitar da robar da matsefata, a goge bakinta da bakin faifai da alkol, a bari su bushe sarai, a mai da ita yadda take. Ba a jan ta, ba a kama ta da yatsa, don man yatsa kaɗai ya isa ya sake jawo giɓin. Maɓallan gefe da suka ƙi dannuwa su ma yawanci daskararren gumi ne. Agogon da ya daina kuka kuwa, sau da yawa wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ne mai kaurin gashi, mai kai lantarki ga murfin baya, ya faɗo ƙasa lokacin sauya pil ba wanda ya gani. Farin ƙyallen da ake shimfiɗawa saboda shi ne.

Duk wannan gyara ne mai sauƙi. Wahala tana farawa in an koma ga agogunan farko, kuma sai an san tarihinsu kaɗan ake gane dalili. Agogon lamba na lantarki na farko da ya shiga kasuwa shi ne Pulsar na kamfanin Hamilton a Amurka, cikin 1972. Da zinariya aka yi jikinsa, kuɗinsa dala 2,100, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ta kasuwar Tawa ba, wato kusan kuɗin ƙaramar mota sabuwa a lokacin. Fuskarsa duhu ce. Sai an danna maɓalli ƴan jajayen fitilu su haska lokaci na ɗan ƙiftawa su mutu, domin in sun daɗe a kunne pil ba ya kai ko'ina. Ba shi da maɓallin saita lokaci. Da wani ɗan maganaɗisu da aka ɓoye cikin maɗaurin ake yi, kuma a tsofaffin da ake samu yau sau da yawa maganaɗisun ya ɓace. A 1973 Roger Moore ya ɗaura ƙanensa a fim ɗin James Bond, manyan mutane suka yi ta rubibinsa.

Darajar ba ta daɗe ba. A 1976 kamfanin Texas Instruments ya fito da mai jikin roba a kan dala 20, shekara guda bayan haka ya koma dala 10. A Ingila, Clive Sinclair ya sayar da nasa baƙin agogo cikin 1975, har da wanda ake saye a warwatse mutum ya harhaɗa da kansa a gida. Pil ɗinsa bai wuce kwana goma ba, kuma ɗan tartsatsin da rigar nailan ke haifarwa ya isa ya kashe ƙwaƙwalwarsa. Asarar da ya jawo na cikin abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta sa hannu ta tallafi kamfanin. Masu tara tsofaffi suna nemansa yau ruwa a jallo, saboda mai rai cikinsu ya yi wuya.

Japanawa ne suka ci kasuwar da wata hanya dabam. Maimakon fitila, sai wani ruwa mai kauri da aka rufe tsakanin gilashi biyu, wanda ba ya ba da haske, yana dai tare shi ne ko ya bar shi ya wuce. Cin lantarkinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka lambobi suna nan kullum, pil kuma ya yi shekaru. Seiko ya fito da nasa mai lamba shida a 1973. Casio, wanda asali injin lissafi yake ƙerawa, ya biyo da Casiotron a 1974, agogon da ya san wata mai kwana 30 da mai 31. A 1980 aka ga C-80 mai injin lissafi a fuskarsa, a 1983 aka ga G-Shock na injiniya Kikuo Ibe, wanda aka yi don ya faɗo daga bisa bai fashe ba, a 1989 kuma F-91W, wanda za a dawo kansa.

Abu biyu ne a jikin waɗannan tsofaffi ba su da magani. Ƙwaƙwalwar, wadda aka ƙera don wannan samfuri shi kaɗai, an kuma daina yinta shekaru aru-aru. Da gilashin, wanda in bakinsa ya saki iska ta shiga, sai a ga baƙin tabo kamar tawada ta zube yana yaɗuwa daga gefe. Mai agogo mai hannu, in haƙori guda ya karye, gwanin maƙeri yana iya sassaƙa masa wani. Ba mai iya sassaƙa ƙwaƙwalwar Seiko ta 1975 bisa tebur. Abin da ake yi shi ne a nemo wani mataccen agogo irinsa a ciro daga jikinsa. Ma'ana, sau da yawa sai an yanka ɗaya ake tada ɗaya, kuma garken ba ya haihuwa.

Babban makashin wannan garke kuwa pil ne da aka manta a ciki. Ƙananan pil na tsofaffin agoguna, irin na azurfa masu ƙarfin bolt 1.55 da irin na alkali masu araha, duka suna ɗauke da wani ruwa mai ci kamar ruwan toka mai ƙarfi. Pil ya ƙare, an ajiye agogo cikin akwati, shekara biyar, shekara goma; bakin pil ya saki, ruwan ya tsiyayo, ya bi hanyoyin tagulla na faifai yana ci. In an buɗe sai a tarar da farin gishiri da koren tsatsa. Wanda aka kama da wuri akan tsira da shi: a ɗiga binegar kaɗan a kan auduga a kashe kaifin ruwan, a bi da alkol, a kankare tsatsar a hankali, in wata hanya ta yanke a haɗa ta da siririyar waya ko da fentin azurfa mai ɗaukar lantarki. In ruwan ya shiga ƙarƙashin baƙin ɗigon nan, sai dai a yi ta'aziyya. Shi ya sa kalmar da masu saye suka fi jin tsoro a bakin mai sayarwa ita ce an ajiye shi tun zamanin baba ba a taɓa buɗewa ba.

A nan araha ba ta ado. Pil mai lamba LR44 da mai lamba SR44 girmansu ɗaya, duka suna shiga rami ɗaya, amma na farkon alkali ne, ƙarfinsa yana raguwa a hankali kuma ya fi saurin yoyo. Na biyun ne na azurfa, shi ya dace da agogo. Wasu agogunan shekarun 1970 ma don pil na zaiba mai bolt 1.35 aka yi su, wanda Amurka ta hana sayarwa tun 1996 saboda gubarsa, sai dai a nemi madadin da ya fi kusa. Faffaɗan pil na lityam da agogunan baya-bayan nan ke ci ba ya cika yoyo ba, amma yana da nasa sharri wanda ya wuce na agogo: in ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Tsohon pil ba abin bari bisa tabarma ba ne.

Masu wannan sha'awa a ƙasashen sanyi ba su san wasu matsaloli ba yadda mai gyara a Yamai ko Maraɗi ya san su. Dutsen kwarz na agogo an yanka shi ne ya yi daidai a wajen digiri 25. In zafi ya wuce haka yana rage sauri, in sanyi ya yi ƙasa da haka ma yana rage sauri, kuma ragin yana ninkuwa da nisan tazarar. Agogon da ke ɗaure a hannu jikin mutum yana daidaita masa yanayi, ba a ganin bambanci sosai. Wanda aka bari cikin mota a zafin Afrilu, digiri 45 ko fiye, yana asarar sama da daƙiƙa guda a yini, wanda ya kwana waje a sanyin hunturun Bilma shi ma yana rage sauri. Agogunan shekarun 1970 da yawa suna da wata ƴar kusa mai tsaga a kan faifai, wadda in an murza ake ƙara sauri ko a rage. Sabon shiga da ya gan ta hannunsa sai ya yi ƙaiƙayi. Ya kamata ya tuna kuskuren daƙiƙa guda a yini bai kai rabin bugu ɗaya ba cikin 32,768. Murzar da ido ke iya gani ta riga ta yi yawa, kuma wanda ba shi da injin awo sai ya murza kaɗan, ya jira mako guda, ya gwada da lokacin rediyo, ya sake.

Hunturu yana da nasa aika-aika. Busasshiyar iska ita ce uwar tartsatsin nan da ke tashi in an tuɓe riga cikin duhu, kuma ƙwaƙwalwar tsohon agogo ba ta jure shi. Mai hankali yakan taɓa ƙofar ƙarfe kafin ya taɓa faifai. Ƙura guda da ta shiga ƙarƙashin gilashi za ta zauna bisa lamba har ranar da aka sake buɗewa. Zafi da gumi kuma suna cin roba: zoben da ke hana ruwa shiga ya bushe ya tsattsage, maɗauri ya yi ta gutsurewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Wannan cuta ta ƙarshe ta addabi tsofaffin G-Shock a ko'ina cikin duniya, har a 2021 kamfanin Casio ya buɗe wani aiki na ɗan lokaci a Japan don sake ma samfuran farko rigar roba da maɗauri.

Masu teburin gyaran agogo na kasuwanni, da akwatinsu na gilashi da gwangwaninsu cike da matattun agoguna, ba sha'awa ta zaunar da su ba. Bayan karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, sa'ad da faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada, gyara ya zama dole ga kowa. Daga baya wayar salula ta zo ta ɗauke ma agogo aikinsa, hannuwa da yawa suka koma gyaran waya. Amma gwangwanin nan bai kamata a raina shi ba. Agoguna sun shigo ƙasar nan shekara da shekaru, ta hanyar Kano da ta Kwatano da cikin tsarabar alhazai, kuma abin da mai sha'awa a Turai ke biyan kuɗin jirgi a kawo masa, wato gilashi ko faifan wani samfuri da aka daina yi, yana iya kasancewa kwance a gindin gwangwani ana shirin zubarwa. Abin da ke ɓata irin wannan dukiya sananne ne: buɗe murfi da tsinin wuƙa, jefar da zoben roba don ya ƙi komawa, da barin tsohon pil cikin gawa.

Akwai wani gyara guda da ke tsaye daidai kan iyakar gidajen nan biyu. A saman gilashin lambobi an manna wata siririyar leda mai tace haske, kuma in babu ita ba a ganin lamba ko ɗaya. Rana tana ƙona ta, ta yi ja-ja-ja, lambobi su dushe, mai shi ya zaci pil ne. Akan ɗaga ta da reza, a wanke ƙaron da ya saura, a manna sabuwa. In an manna ta yadda tsohuwar take, agogo ya koma sabo, wannan gyara ne. In kuwa an juya ta kwata guda kafin a manna, sai fuska ta koma baƙa wuluk, lambobi su fito farare. Wannan shi ne sauyin kama da ya fi kowane farin jini, kuma shi ne ƙofar da yawancin sababbin shiga ke bi.

Agogon da ya fi shan wannan aiki shi ne F-91W, kuma ya dace. Nauyinsa giram 21, pil ɗinsa CR2016 yana kai shekara bakwai, kamfani ya yi alkawarin kuskurensa ba zai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, kusoshi huɗu kaɗai ke riƙe da murfinsa. Tun 1989 ake ƙera shi kusan ba canji, miliyoyi kowace shekara, har ba ƙasar da ba a ganinsa. Yawansa ya taɓa jawo ma masu shi bala'i: takardun sirri na gidan kason Gwantanamo da aka fallasa a 2011 sun nuna cewa masu tuhumar fursunoni sun lissafa ɗaura shi cikin alamun alaƙa da Alƙa'ida, agogon da ɗan lakwal da direba da mai gadi ke ɗaurawa. Ga mai sha'awa dai, amfanin yawan nan guda ne. In reza ta zame gilashi ya tsage, gobe a sayi wani.

Sai dai a tabbata na gaske aka saya, don jabunsa sun cika kasuwa. A samfuran baya-bayan nan, in aka danne maɓallin dama na ƴan daƙiƙoƙi, sunan kamfanin yana fitowa a fuska; amma wasu masu jabu sun koyi wannan ma, sai a haɗa da duban kyawun rubutu da gwajin lokaci na mako guda.

Ba kowane sauyi ne ke da amfani ba. Baƙar fuska tana da kyau a hoto da tsakar rana, da magariba kuwa sai mutum ya yi ta karkata hannu yana neman lamba. Sauya fitilar gefe ya fi ma'ana, domin koriyar fitilar F-91W da ƙyar take haska rabin fuska, kuma mai iya narka dalma yana maye ta da mai ƙarfi cikin ƴan mintoci, ko da yake pil zai biya kuɗin. Wasu suna shimfiɗa leda mai launi bisa gilashi, wannan ba ya cutar da kome kuma ana cirewa. Wasu suna cika cikin agogon fal da man silikon, don in babu iska a ciki nauyin ruwa ba ya matse shi, lambobi kuma suna fitowa tar ta kowane gefe. Gaskiya ne, amma mai yana kashe kukan agogo, yana kumbura da zafi ya nemi hanyar fita, sauya pil kuma ya koma aikin mai tuyar ƙosai. Mutumin da mafi zurfin ruwan da zai shiga shi ne tafkin Madarunfa ba shi da hujjar wannan wahala.

Inda abin ke zama ɓarna shi ne in aka ɗauki rezar nan aka nufi Seiko ko Casio na shekarun 1970. Ledar wasu tsofaffin ta manne da gilashi har ba ta ɗaguwa sai da ƙarfi, gilashin kuma ba shi da na biyu. Garin neman gira a rasa ido. Ko aikin ya yi kyau, agogon da aka juya ma fuska ko aka goge jikinsa da injin har rubutun kamfani ya shafe ya daina zama shaidar zamaninsa, masu tarawa ma ba su ba shi daraja. Wanda ke marmarin kamannin da ba sai ya taɓa na asali ba, tun da kamfanonin da kansu sun gane kasuwar: Hamilton ya sake fito da siffar Pulsar a 2020, Casio ya sake fito da Casiotron a 2024 don cikarsa shekara 50. Wasa a yi shi da abin da injin kamfani ke zubowa har yau. Wanda aka daina haihuwa kuwa, a tsabtace shi, a sa masa pil na kirki, a ajiye duk abin da aka cire daga jikinsa cikin ƴar leda tare da shi.

Sauyin da ya fi kowane nisa ya bi wannan ƙa'ida. A 2022 wani Ba'amurke mai suna Joey Castillo ya tara kuɗi daga masu sha'awa ya ƙera wani faifai da ya kira Sensor Watch, wanda girmansa daidai yake da na cikin F-91W. A cire na Casio, a sa wannan, a mai da gilashi da maɓallai da murfi yadda suke. Daga waje ba mai ganewa, amma a ciki ƙaramar kwamfuta ce wadda mai ita ke iya rubuta ma umarni: ta auna zafi, ta faɗi lokacin fitowar rana da faɗuwarta a garin da mutum yake, ta nuna kwanan farin wata. Tsarinsa a buɗe yake ga kowa, don haka duk wanda ya ƙirƙiro sabon aiki yana iya raba ma saura. Faifan ya fi agogon kansa tsada, abin da ba ya hana masu so barci. Tsohon faifan kuma ba a lalata shi ba, ranar da aka gaji ana iya mai da shi mazauninsa.

Cikin abubuwan da sabon faifan ya gyara har da wani tsohon aibi da Casio bai taɓa damuwa da shi ba. F-91W bai san shekara ba, a wurinsa Fabrairu kwana 28 ne kullum. Ranar 29 ga Fabrairun 2024 duk na asali da ke duniya sun wayi gari suna nuna 1 ga wata, sai da masu su suka gyara da hannu, kuma haka za su sake yi a 2028.